Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Mai Tausar Tafin Ƙafa da Sanin Zuciya da Ƙoda?

TAMBAYA

Sunana Hadiza, daga Kaduna. Na shiga koyon tausar tafin ƙafa, wadda ake kira rifleksoloji, don in samu sana'ar da zan riƙa yi wa mata a cikin gida. Na ɗauka aikin hannu kawai za a koya mana, sai ga shi an ɗora mana karatun sassan jikin ɗan Adam, da yadda suke aiki, da cututtuka. Rabona da aji tun da na gama sakandare, yanzu 'ya'yana huɗu. Sunaye sun yi mini yawa, har na fara tunanin in haƙura. Tunda an ba mu taswirar da ke nuna gurbin kowace gaɓa a tafin ƙafa, me ya sa sai na san duk wannan? Sannan akwai gwaggona mai ciwon suga da hawan jini, tana so in fara da ita, har tana cewa in ta ji daɗi za ta ajiye ƙwayoyin asibiti. Ina tsoron kada in cutar da ita.

AMSA

Malama Hadiza, Allah ya yi miki albarka, ya raya zuri'a. In na fahimce ki, kina tambayar amfanin karatun jiki ga wadda aka riga aka ba ta taswira, kina shakkar ko kanki zai ɗauka bayan daɗewa ba a aji, sannan ga zancen gwaggo da ya tsaya miki a rai.

Da zancen gwaggo zan fara kwantar miki da hankali. Wannan tsoron da kike ji shi ne abin da ya fi faranta mini rai a wasiƙarki. Wadda take tsoron cutar da mutum tun kafin ta taɓa shi, ita ce ta cancanci a miƙa mata ƙafa. Kada ki kore shi daga zuciyarki. Ilimi za ki ƙara masa, shi kuwa ilimin shi ne wannan karatun da ya yi miki nauyi.

Batun kanki kuma, 'yata, kada ki raina shi. Yawancin sunayen nan daga Latin da Girkanci suka fito, kuma ɗaliban likitanci ma sai sun sha wuya kafin bakinsu ya saba da su. Matar da ta yi renon yara huɗu ta riga ta san zazzaɓi da bushewar jiki bayan gudawa, ta san numfashin da ba na lafiya ba. Matar da ta gyara kayan cikin ragon layya ta taɓa zuciya da huhu da hanta da ƙoda da hannunta. Abin da ya rage miki shi ne ki san aikin kowanne, da yadda lalacewarsa ke bayyana a ƙafa.

Yanzu ga taswira. Yana da kyau ki san inda ta fito. Wani likitan kunne da hanci da maƙogwaro a Amurka, William Fitzgerald, shi ya fito da ra'ayin a wajen 1913. Ya raba jiki gida goma a tsaye, daga kai zuwa yatsun ƙafa, ya ce matsa wani wuri a cikin layi ɗaya yana iya rage zafi a wani wurin na wannan layin. Daga baya wata mai aikin gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, Eunice Ingham, ita ma Ba'amurkiya, ta tattara abin gaba ɗaya a kan ƙafa, ta zana gurbin kai da huhu da hanta da sauransu, ta fitar da littafinta na farko a 1938. Taswirar da ke hannunki jikar tata ce. In kika ɗauko taswirori biyu na makarantu daban-daban kika jera su, za ki ga ba ko'ina suka yi daidai da juna ba.

Zan gaya miki gaskiya, domin amana ce tsakanina da ke da sauran masu karanta wannan shafi. Masu fiɗar jiki don nazari ba su ga wata jijiya da ta tashi daga tsakiyar tafin ƙafa ta nufi ƙoda ko hanta ba. A 2009 Farfesa Edzard Ernst na Jami'ar Exeter a Ingila ya tattara gwaje-gwaje 18 da aka yi a kan rifleksoloji, ya ce babu gamsasshiyar hujja cewa tana warkar da wata cuta. Gwamnatin Ostireliya ma ta yi nata bitar a 2015, ta kai ga irin wannan matsaya. Saboda haka ki haddace taswirar don jarrabawa, ki kuma yi amfani da ita a matsayin tsarin da hannunki zai bi ya zagaye ƙafa ba tare da ya tsallake wani wuri ba. Amma kada ki mai da ita abin gane cuta.

Na san wannan magana za ta iya sanyaya miki gwiwa, ki ce to me nake koya ke nan. Kina koyon abu mai amfani. Matar da ta wuni a tsaye, ko tsohuwar da ba ta samun barci, ko mai jinyar da ta daɗe ba wanda ya taɓa ta da tausayi, in ta samu rabin awa ana tausa mata ƙafa cikin natsuwa, za ta tashi da sauƙin da ba ƙarya ba ne. Shi ma wannan sauƙin karatun jiki ne yake bayyana dalilinsa, kamar yadda za ki gani.

Mu fara da abin da ke cikin tafin hannunki idan kin riƙe ƙafa. Baligi yana da ƙasusuwa 206, kuma 26 daga ciki suna cikin kowace ƙafa, wato ƙafafu biyu sun kwashe 52, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙashin jiki duka. Bakwai suna baya, wajen dunduniya da idon sawu. Biyar dogaye ne a tsakiya. Goma sha huɗu na yatsu ne: kowane yatsa uku, babban yatsa biyu. In kika riƙe bakwai, biyar, sha huɗu, kin riƙe ginshiƙin darasin, sunayen za su biyo baya a hankali.

Waɗannan ƙasusuwa ba a shimfiɗe suke ba. Sun lanƙwasa kamar baka, kuma akwai wata fata mai tauri a ciki da ta tashi daga ƙashin dunduniya zuwa gindin yatsu, ita ce tsarkiyar bakan. Duk takun da mutum ya yi sai ta miƙe ta dawo. Idan ta wahala, saboda yawan tsayuwa ko ƙiba ko takalmi marar kyau, sai mutum ya ji suka a dunduniya da zarar ya sauko daga gado da safe, in ya ɗan taka ta lafa. Wadda taswira kawai ta sani za ta ce matsalar daga ƙugu ko mara take, domin nan ne aka zana su. Wadda ta san jiki za ta gane ciwon na nan inda hannunta yake, ta sassauta matsi, ta ba da shawarar takalmi mai laushin ciki da miƙar da agara, in ya ƙi a ga likita.

Sai jini. Zuciyar baligi da ke hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, tana zagaya jini kimanin lita 5. Jijiyoyin da ke fitar da jini daga zuciya suna da bugu, kuma a ƙafa akwai wurare biyu da za ki ji shi: a bayan ƙafa, wato samanta, a layin da ke tsakanin babban yatsa da mai bi masa, da kuma bayan idon sawu na ciki. Ki ajiye wannan takarda ki laluba naki yanzu. Da yatsu biyu ake ji, a hankali, ba da babban yatsan hannu ba, domin shi ma yana da nasa bugun.

Komawar jini daga ƙafa zuwa zuciya ita ce mai wuya, tunda hawa ne. Allah ya sanya wasu 'yan ƙofofi a cikin jijiyoyin da ke mayar da jinin, suna buɗewa sama kawai, sannan tsokar sha-raɓa tana matse jijiyoyin duk lokacin da mutum ya taka. Shi ya sa wanda ya yi doguwar tafiya a mota bai motsa ba ƙafarsa ke kumbura. Shi ya sa kuma ake koya muku shafa daga yatsu zuwa sama.

Na uku su ne jijiyoyin saƙo, masu kai labari ƙwaƙwalwa su dawo da umarni. Wadda ta fi kowacce girma da tsawo tana fitowa daga ƙasan ƙashin baya, ta bi ta ɗuwawu da bayan cinya, ta rabu biyu a wajen bayan gwiwa. Reshe ɗaya ya bi ta bayan idon sawu na ciki ya bazu a tafin ƙafa. Saboda haka idan wata ta ce miki zafi na sauko mata daga baya har zuwa yatsu, tare da mutuwar ƙafa, ki san cewa mai yiwuwa a ƙashin baya jijiyar ta matsu, kuma tausar tafin ƙafa ba za ta ɗage abin da ya danne ta ba.

Akwai alaƙoƙi na gaskiya tsakanin sassan jiki masu nisa da juna, kuma ta laka suke bi. Ciwon zuciya kan bayyana a hannun hagu ko a muƙamuƙi. Ciwon matsarmama kan bayyana a kafaɗar dama. Likitan Faransa Joseph Babinski ya bayyana a 1896 cewa idan aka karci gefen tafin ƙafar baligi, yatsu kan lanƙwashe ƙasa, amma in babban yatsa ya ɗaga sama, alama ce ta matsala a laka ko ƙwaƙwalwa. Har yau likitoci na yin wannan gwaji. Kin ga ke nan ƙafa tana ba da labarin jiki da gaske, sai dai ta hanyoyin da aka bi aka tabbatar.

Me ya sa tausa ke da daɗi? Dalili ɗaya shi ne, saƙon taɓawa da na zafi suna haɗuwa a laka kafin su haura ƙwaƙwalwa, kuma na taɓawa yana iya rage ƙarfin na zafi. Wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, su suka yi wannan bayani a 1965, amma kowace uwa da ta murza goshin ɗanta bayan ya bugu ta riga ta yi aiki da shi. Dalili na biyu, jiki yana da tsarin jijiyoyi da ke aiki ba da saninmu ba, ɓangare ɗaya na tashin hankali da shirin gudu, ɗayan na hutu da narkar da abinci. Taɓawa mai laushi a wuri mai shiru tana karkatar da jiki zuwa na biyun: numfashi ya lafa, bugun zuciya ya sauka, tsoka ta saki. Hawan jini ma yana iya ɗan sauka na wani lokaci, sannan ya koma inda yake. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa a zancen gwaggo.

Yanzu cututtuka. A ganina babban dalilin da ya sa aka ɗora muku wannan karatu shi ne ku san ƙafar da ba a tausawa, da wadda za a ce wa mai ita ta tafi asibiti yau, ba gobe ba. Mata da yawa za su nuna miki ƙafar da ba su taɓa nuna wa likita ba, wani lokaci ke ce za ki zama mutum na farko da ya dube ta da kyau cikin shekaru.

Ciwon suga ne kan gaba. Wata gaɓa da ke bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, ita ke samar da insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka da sauran sassa. Idan insulin ya yi ƙaranci, ko jiki ya daina jin maganarsa, sai suga ya taru a jini. Ana cewa mutum na da ciwon idan awon safe kafin a ci komai ya kai 7.0, ko 126 a ɗaya ma'aunin, kuma aka maimaita aka tabbatar. Shekara da shekaru wannan sugan yana cin ƙananan jijiyoyin jini da na saƙo, kuma yakan fara da mafi tsawo, wato na yatsun ƙafa. Kusan rabin masu ciwon sukan samu wannan matsala a tsawon rayuwarsu.

Ki saurari yadda suke faɗa. Wata za ta ce tafin ƙafarta na yi mata zafin barkono da dare. Wata ta ce kiyashi ke yawo a ciki. Wata ta ce in tana tafiya ji take kamar auduga take takawa, ko silifas ya fice ba ta sani ba. Wannan ta ƙarshen ita ce abin tsoro, domin zafi ne ke gaya wa mutum ya janye ƙafarsa, ita kuwa ta rasa shi. Ƙaya za ta soke ta ba ta ji ba. Ruwan zafi zai ƙona ta, haka ma daɓen siminti da rana ta gasa. Sannan jinin da zai zo ya warkar da raunin shi ma ya ragu. Daga ɗan faso na hunturu sai gyambo, daga gyambo sai ruɓewa, wani lokaci har a kai ga yanke ƙafa. Abin da ya fi ciwo shi ne, da an ga raunin da wuri, yawancin wannan da an kauce masa.

Ke kuma ki lura da naki hannun. An koya miki ki tambayi mutum ko matsin ya yi yawa. Mai irin wannan ƙafa za ta ce miki ki ƙara, ba ta ji, alhali kina iya ƙuje mata fata ko ki tara mata jini. A wurinta ba a dogara da amsarta. Ido da sassauci ne ma'auninki.

Cuta ta biyu ba ta kai suga yawa ba, amma tana iya kisa cikin mintuna. Jini kan daskare a cikin jijiyar da ke can cikin sha-raɓa ko cinya. Alamarta ƙafa ɗaya ce ta kumbura, ɗayar lafiya lau, ga zafi in an taɓa, ga ɗumi, wani lokaci launin fatar ya sauya. Ta fi samun mai ciki, da mai jego musamman cikin makonni shida na farko, da wadda aka yi wa tiyata, da wanda ya daɗe kwance, da wanda ya yi doguwar tafiya a zaune. Idan aka murza irin wannan ƙafa, gudan jinin na iya ɓallewa ya bi jijiya ya ratsa zuciya ya toshe hanyar jinin huhu. Mai ita za ta roƙe ki, ta ce jijiya ce ta harɗe, ki ɗan murza mata. Ki ba ta haƙuri, ki sa a kai ta asibiti a ranar. In kuma numfashi ya fara yi mata wuya ko ƙirji na suka, a wannan sa'ar.

Kumburin ƙafa biyu labarinsa daban. Ki danna da yatsa a kan ƙwauri na 'yan daƙiƙoƙi, in ramin ya zauna, ruwa ne ya taru. Yana iya zama zuciya ce ta gaza tura jini, musamman in mutum na haki idan ya kwanta. Yana iya zama ƙoda. Ƙodoji biyu suna tace ruwan jini kimanin lita 180 a kwana ɗaya, su mayar da kusan duka, su fitar da lita ɗaya zuwa biyu a matsayin fitsari, don haka in sun raunana ruwa da gishiri sai su taru, fuska ma ta kumbura da safe. Yana iya zama hanta. Ba aikinki ba ne ki tantance wanne ne, kuma matsa gurbin ƙoda a taswira ba zai sa ƙoda ta tace komai ba.

Tunda mata za ki riƙa yi wa aiki, ki ƙara kula da masu ciki da masu jego. Ɗan kumburin ƙafa da yamma a ƙarshen ciki abu ne da aka saba. Amma idan ciki ya wuce mako 20, kumburin ya hau fuska da hannu, ga ciwon kai mai tsanani, ga gani na dishi-dishi, wannan na iya zama mafarin jijjiga, kuma asibiti ne wurinta nan take. Mai jego kuwa da ƙafafunta suka kumbura tana haki tana tari da dare, a binciki zuciyarta. Wannan ciwon zuciya na bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, likitocin Zariya sun yi ta rubutu a kansa tun shekarun 1970. Kada a ce sanyin jego ne a ƙara mata ruwan zafi da kunun kanwa.

Sauran zan bi su da sauri. Mai sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, yakan samu gyambo a wajen idon sawu mai wuyar warkewa, kada hannunki ya je kusa da shi, kuma ba a tausa mai ƙarfi lokacin da ciwon ya tashi. Wanda sha-raɓarsa ke ciwo in ya yi tafiya, ta daina in ya tsaya, ƙafar da sanyi, bugun jijiya da rauni, hanyar jininsa ce ta ƙuntata. Gindin babban yatsa da ya kumbura ya yi ja cikin dare, ko zani ba ya so ya taɓa shi, yawanci ciwon gaɓa ne da taruwar wani gishiri a jini ke kawowa, ba shi da alaƙa da kai ko wuya da aka zana a wurin. Fatar tsakanin yatsu da ta yi fari tana ƙaiƙayi tana saɓulewa, cuta ce da damshi ke rayawa, tana yaɗuwa ta tawul da hannu. Tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓawa, a gwada kuturta, kuma ki faɗa cikin sirri da mutuntawa: tana warkewa da magani na wata 6 zuwa 12, kyauta ake bayarwa. Mai zazzaɓi, mai karaya ko sabon targaɗe, da mai shan maganin tsinka jini, a dakata da yi musu tausa har sai likita ya yarda.

Wani abu kuma da nake roƙon ki. Za ki ji ana cewa ɗan tsakuwa-tsakuwar da yatsa ke ji a ƙarƙashin fata datti ne da ya taru, wai yana nuna gaɓar da ke wurin ba ta da lafiya. Ba a tabbatar da haka ba. Kada bakinki ya furta wa wata cewa mahaifarta ko ƙodarta ta lalace don ta ce wash da kika matsa wani wuri. Za ta tafi gida da fargabar da ba ta da tushe, ta kashe kuɗi, ko ta shiga zargin mutane. Mafi muni, wata za ki ce mata lafiyarta ƙalau alhali akwai cuta. Abin da idonki ya gani shi za ki faɗa: na ga ƙafar nan ta fi waccan kumburi, na ga rauni a nan, don Allah ki nuna wa likita.

To, ga gwaggo. Za ki iya yi mata, in kin bi sharuɗɗa. Da farko ki zauna da ita ki gaya mata, da ladabin da ya dace da uwa, cewa ba za ki taɓa ƙafarta ba sai ta yi miki alkawarin ci gaba da shan maganinta. Ki bayyana mata cewa hawan jini, wanda ake ƙirgawa daga 140 bisa 90, yawanci ba ya ciwo, mutum na jin garau alhali yana yi wa zuciya da ƙoda da ƙwaƙwalwa ɓarna, kuma sau da yawa shanyewar ɓarin jiki ce sanarwarsa ta farko. Daɗin da za ta ji bayan tausa na gaske ne, amma daɗin jiki ba awo ba ne. In tana ganin ƙwayoyin sun yi mata yawa, ko suna sa ta jiri, ko kuɗinsu ya gagara, wannan magana ce da za a kai wa likitanta, kuma zai fi kyau ki raka ta. Tsofaffi sukan ɓoye cewa tsadar magani ce ta sa suke neman wata hanya, don haka ki tambaye ta a keɓe.

In kun je, ki roƙi a duba mata ƙafa. Akwai wani siririn zare na roba da ake dangwala wa tafin ƙafa don a ga ko tana ji, gwajin ba ya ɗaukar lokaci. Ki tambayi likitan ko ya yarda da tausa mai sauƙi.

In ya yarda, kowane zama ki fara da wanke hannu da dubawa a wuri mai haske: sama, ƙasa, dunduniya, tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, da gefen farce. In kin ga rauni ko bororo ko wurin da ya yi baƙi ko yake wari, babu tausa a ranar, sai asibiti. In babu, ki yanke farcenki, ki cire zobe, ki yi da tafin hannu da cikin yatsu, ban da sanda ko ƙashin yatsa. In za ki sa ruwa, ki gwada ɗuminsa da gwiwar hannunki, kuma kada a daɗe ana jiƙawa. Ki shafa mai a dunduniya saboda kaushi da faso, amma ban da tsakanin yatsu, can bushewa ake so. Ki koya mata ta riƙa tsane tsakanin yatsun bayan alwala, ta daina yawo ba takalmi ko a tsakar gida, ta riƙa zazzage takalmi kafin ta sa. Reza kuwa kada ta kusanci ƙafarta, daga hannunki ko na wani.

Karatun kuma ki bi shi daki-daki. Ki fara da ƙashi, sai jini, sai jijiyoyin saƙo, domin su ne a ƙarƙashin hannunki, sauran gaɓoɓin ciki su biyo baya. Kowace gaɓa ki yi mata tambaya uku: ina take, me take yi, me ake gani in ta gaza. Ki rubuta amsar da Hausa a littafinki, sunan Turanci a gefe. Duk abin da za a iya lalubawa ki laluba a jikinki ko na 'yarki. Ki sayi zuciyar rago da ƙoda wurin mahauci ki tsaga da wuƙa, za ki ga ɗakuna huɗu na zuciya da 'yan ƙofofinsu, irin tsarin da tamu take da shi. Rabin awa kullum bayan yara sun kwanta ya fi wuni guda a ƙarshen mako. In akwai wata abokiyar karatu, ku riƙa yi wa juna bayani da baki, abin da kika iya bayyana wa wata ya zauna ke nan.

Ki kuma tanadi wani littafi na daban don masu zuwa wurinki. Kafin ki taɓa kowa ki tambaye ta ko tana da suga ko hawan jini ko sikila, ko tana da ciki, ko ta haihu ko an yi mata tiyata kwanan nan, da irin maganin da take sha, ki rubuta da kwanan wata, ki adana sirrinta. Ki nemi sanin asibitin da ya fi kusa da ke da ranakun da suke ganin masu suga, don in kin ce wa mutum ta je, ki iya gaya mata inda za ta je da ranar da za ta samu likita. Ki gaishe mini da gwaggo, Allah ya ba ta lafiya, ke kuma ya ba ki sa'ar jarrabawa.